Ivrea, garin da aka haifi Arduino

Ivrea ƙaramin gari ne a arewacin Italiya, a gindin duwatsun Alps, kusa da birnin Turin. Tun 1908 aka san shi da kamfanin Olivetti mai ƙera tafireta. Da kasuwa ta juya wa kamfanin baya, masana'antu suka yi ta rufewa, har aka zaci garin ya gama yayinsa.

A 2001 aka buɗe wata makaranta a can, Interaction Design Institute Ivrea. Ɗalibanta masu zane ne, ba injiniyoyi ba, amma burinsu abin da suka ƙera ya motsa: fitila ta kama idan mutum ya matso, 'yar tsana ta juya kai ta dubi mai wucewa. Allon lantarkin da aka saba da shi a lokacin, BASIC Stamp na kamfanin Parallax, ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, shi ya fara warware matsalar. A 2003 ya kama aikin digirinsa na biyu a ƙarƙashin Massimo Banzi da Casey Reas, ya ƙirƙiro Wiring: allo guda da manhaja mai sauƙi, yadda wanda bai taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba zai kunna fitila a ranar farko. A 2005 Banzi da David Cuartielles da David Mellis suka ɗauki wannan aiki suka ɗora shi a kan ƙwaƙwalwa mai araha, ATmega8, sannan Gianluca Martino da Tom Igoe suka cika ayarin. Suka sa masa suna Arduino, farashinsa wajen dala 30. Shekaru da dama ana ba da labarin ba tare da an ba Barragán haƙƙinsa ba, sai a 2016 ya rubuta nasa bayanin. Wannan rashin adalci ne, domin kalmomin umarnin da miliyoyin masu koyo ke bugawa yau daga Wiring suka samo asali.

Makarantar ba ta daɗe ba. Da su Banzi suka ga za a rufe ta, sai suka saki zanen allon ga duniya kyauta, suka riƙe sunan kawai. Masana'antun Sin suka shiga buga kwafi, farashi ya faɗi warwas.

Uno, samfurin Arduino da ya fito a 2010, ma'ajiyar aikinsa kilobayit 2 ce kacal, amma ta ishi mai haɗa mutum-mutumi a ɗakinsa. Abokin tafiyarsa shi ne servo, ƙaramin injin da aka gada daga masu wasa da jiragen sama na rimot. Waya uku gare shi: biyu na wuta, ɗaya ta umarni. Sau 50 a daƙiƙa allon ke aika masa bugun lantarki, tsawon bugun kuma shi ke faɗa masa inda zai tsayar da hannunsa. A kan mutum-mutumi, injina biyu suna juya idanu, ɗaya ya buɗe muƙamuƙi, wani ya ɗaga fatar ido, sai ga kan roba yana kallo yana ƙiftawa. Kusan duk sabon shiga yakan jona su duka a jikin allon, wuta ta gaza, allon ya mutu ya sake tashi. Daga nan yake koyon ba injinan batirinsu daban, ya haɗa wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu wuri guda.