Hasken da ke Bayan Ja

A shekarar 1800, William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya bi kowane launi da ma'aunin zafi. Da ya gota ja, inda ido bai ga komai ba, sai ma'aunin ya ƙara hawa. Ashe akwai haske a wurin. Mu kira shi bayan-ja.

Kowace iska, kowane ganye, da irin rabon da yake shanyewa daga wannan haske, tamkar zanen yatsa. In aka tsattsaga hasken, sai a gane abin da ya ratso. Aikin NIRSpec ke nan, na'urar da ke cikin madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021. Tana iya karanta hasken abubuwa ɗari a lokaci guda. A 2022 ta gano iskar kabon dayoksaid a wata duniya mai suna WASP-39b.

Mu ma mun taɓa wannan haske, sai dai ƙasa muka kalla. A Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, ɗauke da kyamara mai ganin kore, ja da bayan-ja na kusa. Lafiyayyen ganye yana mayar da bayan-ja sosai, wanda fari ya kama kuwa sai ya dusashe. Don haka daga sama ana iya gane gonar masarar da ke shan wuya. A Agusta 2011 NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X suka bi baya, na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila. NigeriaSat-1 ya yi ritaya a 2012, NigeriaSat-2 kuma shekara bakwai aka ƙera shi ya yi.

A Zariya, masanan gona suna Samaru, masu koyon mulki da kasafin kuɗi suna harabar Kongo, mu masu rubuta manhaja muna tsakani. Hoton bayan-ja lambobi ne zalla. Sai an samu mai fassara su, da mai ware kuɗin aikin, kafin su zama saƙo a wayar manomin Giwa ko Soba cewa masararsa ta fara jin ƙishirwa.