Baftisma da gafarar zunubi a addinin Kirista

Kiristoci sun yi imanin cewa zunubi ne ya shiga tsakanin ɗan Adam da Mahaliccinsa, kuma ana samun gafara da sulhu da Allah ne ta hanyar mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa. A nan suka sha bamban da Musulmi, waɗanda suka yi imanin cewa ba a gicciye Annabi Isa ba.

Baftisma ita ce ƙofar shiga wannan addini. Akan nitsar da mutum cikin ruwa, ko a zuba masa a ka, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Sai dai ɗarikun Kirista sun yi saɓani a kanta. Cocin Katolika na yi wa jarirai, domin a koyarwarta baftisma na wanke zunubin da aka gada daga Adamu. Su kuwa 'yan Baptist, da cocin ECWA a Nijeriya, ba sa yi sai mutum ya mallaki hankalinsa ya furta imani da bakinsa. A wurinsu imanin ne ke kawo gafara, ruwan shaida ce kawai.