Tarihin Musayar Yara da Gwanaye a Ƙwallon Kwandon Amurka

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa na Turai, inda ƙungiya mai hali takan zuba kuɗi ta ɗauke ɗan wasan da ta ga dama, zai yi mamaki in aka ce masa a babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wadda ake kira NBA, ba haka ciniki yake gudana ba, domin can mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kuɗin da shari'ar gasar ta yarda a ɗora a kai kuwa kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka duk ƙungiyar da ta ƙyalla ido ta ga wani gwani a hannun wata, tilas ta duba abin da ke gidanta, abin da ya fi daraja a gidan kuwa galibi shi ne yaran da ba su gama nuna ba, da kuma haƙƙin zaɓen waɗanda ma ba su shigo gasar ba tukuna. Daga nan muhawarar da ba ta ƙarewa ta samo asali, shin a ba da yara a karɓi gwanin da aka riga aka jarraba, ko kuwa a yi haƙuri a rene su.

Shi wasan kansa wani malamin motsa jiki ne, James Naismith, ya ƙago shi a garin Springfield a shekarar 1891, amma gasar da muke magana a kanta sai 1946 aka kafa ta, ta kuma sami sunanta na yanzu a 1949. Tun daga 1947 masu ƙungiyoyi suka yi ittifaƙi a kan wata ƙa'ida, cewa samarin da suka fito daga jami'o'i ba za a bar su su tafi inda kuɗi ya fi yawa ba, sai dai a jera ƙungiyoyi su yi zaɓe bi da bi, wadda ta fi shan kashi a bara ita ce kan gaba. Manufar ita ce adalci, don kada masu ƙarfi su dawwama a sama. Sai dai da yake an yarda ƙungiya ta sayar da gurbinta na zaɓe, har na shekarun da ba su zo ba, sai ya zamana an ƙirƙiro wata haja wadda mai sayarwa da mai saye duka ba su san ainihinta ba. Malamanmu na fikihu, waɗanda suka hana sayar da tsuntsu yana sama ko kifi yana cikin ruwa saboda garari, da sun ga wannan kasuwa da sun girgiza kai. Abin da ya ƙara wa al'amarin zafi shi ne mutum biyar kaɗai kowane ɓangare yake sakawa a fili, don haka gwani guda yana iya juya ƙungiya gaba ɗaya, abin da ba kasafai yake yiwuwa ba a wasan mutum goma sha ɗaya.

Ciniki na farko da ya zama abin buga misali ya auku ne a 1956. Ƙungiyar St. Louis Hawks ce ke da gurbi na biyu a zaɓen shekarar, Red Auerbach kuwa, mai horar da Boston Celtics, ya ƙwallafa rai a kan wani dogon saurayi baƙar fata mai suna Bill Russell, wanda ya ci kofin jami'o'i sau biyu a jere da Jami'ar San Francisco, amma mutane da yawa suna shakkarsa don bai iya jefa ƙwallo daga nesa ba. Auerbach ya miƙa Ed Macauley, gwanin da Boston ke tinƙaho da shi, wanda kuma ɗan asalin St. Louis ne mai son komawa gida, ya haɗa da Cliff Hagan, ya karɓi Russell. Wanda ya ce mutanen St. Louis wauta suka yi bai yi musu adalci ba, gama da waɗannan mutum biyu, tare da gwaninsu Bob Pettit, suka ci kofi a 1958, Boston ɗin ma suka doke a wasan ƙarshe. Amma Russell ya yi shekara 13 yana wasa, ya ci kofi 11, alhali ita Hawks, wadda ta yi ƙaura zuwa Atlanta a 1968, ba ta sake ɗaga kofi ba tun daga wancan. Ga riba ta tabbata ga ɓangarorin biyu, sai dai ɗaya ta shekara guda ce, ɗaya kuwa ta zamani guda.

Bayan shekara goma sha tara sai tarihi ya kawo hujja ga ɗaya ɓangaren. Kareem Abdul-Jabbar, wanda aka haifa da sunan Lew Alcindor kafin ya musulunta, ya riga ya ci wa Milwaukee kofi a 1971, amma zaman garin ya ishe shi, ya nemi a sallame shi. A 1975 Los Angeles Lakers ta ba da mutum huɗu, biyu daga cikinsu sababbin zaɓaɓɓu ne da ba su taɓa taka filin gasar ba, ta karɓe shi yana ɗan shekara 28. Ya zauna da su har 1989, suka ci kofi biyar tare, Milwaukee kuwa sai da ta jira har 2021. To, amma akwai abin da masu kafa hujja da wannan ciniki sukan tsallake. A shekararsa ta farko a Los Angeles, ko da yake shi aka zaɓa gwarzon gasar, ƙungiyar ba ta ko kai zagayen fid da gwani ba, kofin farko kuwa bai zo ba sai 1980, bayan isowar wani yaro, Magic Johnson. Shi kuma wannan yaro ta ina aka same shi? Ta hanyar kuskuren wasu ne: New Orleans Jazz ta ɗauki Gail Goodrich daga Lakers a 1976 yana da shekara 33, aka wajabta mata diyya da guraben zaɓe, da ta faɗo ƙasan gasa a 1979 sai gurbinta ya zama na ɗaya, alhali ya riga ya bar hannunta.

Wanda ya kai abin maƙura har ya sa aka yi doka shi ne Ted Stepien, wani attajirin harkar tallace-tallace da ya sayi Cleveland Cavaliers a 1980. Mutum ne mai gaggawa, ya yi ta rabar da guraben zaɓen zagaye na farko yana karɓar 'yan wasan da ko gwanaye ba su kai ba, har sabuwar ƙungiyar Dallas ta tattara nasa na 1983 zuwa 1986, ta zaɓi irin su Derek Harper da Sam Perkins da Detlef Schrempf da su. A kakar 1981 zuwa 1982 Cleveland ta ci wasa 15 kacal cikin 82. Hukumar gasar ta ɗauke shi tamkar safihin da alƙali yake hana wa taɓa dukiyarsa, ta ce ba zai ƙara ƙulla ciniki ba sai da izninta, da ya sayar da ƙungiyar a 1983 kuwa sai da aka yarje wa sababbin masu ita su sayi ƙarin gurabe, in ba haka ba babu mai karɓar kango. Dokar da ta biyo baya, wadda har yau da sunansa ake kiranta, ta hana ƙungiya ta rabu da gurbinta na zagaye na farko na shekara biyu masu zuwa a jere. An kuma taƙaita nisan abin da za a iya sayarwa zuwa shekara bakwai. Wayon 'yan kasuwa dai ba ya ƙarewa: sai suka koma sayar da na shekara ɗaya su tsallake ɗaya, a shekarun tsakani kuma su ba abokin ciniki ikon musanya gurbinsa da nasu in nasu ya fi kyau.

Daga nan wasu dokoki suka sauya farashin yara. A 1984 aka sa iyaka ga jimlar albashin da ƙungiya za ta biya, a 1985 aka shigo da ƙuri'a wajen raba guraben farko, a 1995 kuma aka ƙayyade albashin sabon shiga na shekarunsa na farko. Ma'anar wannan ita ce, yaron da ya yi fice yana yin aikin gwani a kan ladan almajiri, rarar kuɗin kuma a nemo wani da ita. Shekara guda bayan haka Charlotte ta zaɓi Kobe Bryant a gurbi na 13, yana ɗan shekara 17, ta miƙa shi ga Lakers ta karɓi Vlade Divac.

Babu inda fuskokin mas'alar biyu suka bayyana kamar a Boston, a hannun mutum guda, manajansu Danny Ainge, kuma a kan ɗan wasa guda. A kakar da ta ƙare a 2007 Celtics wasa 24 ta ci, tana da gwani ɗaya, Paul Pierce, wanda ƙuruciyarsa ke wucewa a banza, da tarin yara. Ainge ya ba Seattle gurbi na biyar da wasu 'yan wasa ya karɓi Ray Allen, sa'an nan ya ba Minnesota mutum biyar, cikinsu har da Al Jefferson mai shekara 22, da gurabe biyu, ya karɓi Kevin Garnett. Shekara na zagayowa suka ci wasa 66, suka ɗauki kofin 2008, na farko tun 1986. Da shekara shida ta shuɗe bayan wannan ciniki, ƙafafu suka yi nauyi, sai ga Brooklyn Nets, wadda attajirin Rasha Mikhail Prokhorov ya saya yana alkawarin kofi cikin gaggawa, ta zo tana neman Garnett mai shekara 37 da Pierce mai 35. Ainge ya ba su, ya karɓi gurabensu na 2014 da 2016 da 2018, da ikon musanya a 2017, babu wani sharaɗin kariya a kan na baya-bayan. Brooklyn ta tsallake zagaye ɗaya tak na fid da gwani a 2014, Pierce ya tafi a shekarar, Garnett ya bi bayansa a 2015, ƙungiyar ta rushe har ta koma cin wasa 21 da 20, kuma duk kashin da take sha Boston ce ke karɓar sakamakonsa. Da gurbin 2016 aka zaɓi Jaylen Brown, ta hanyar na 2017 aka sami Jayson Tatum, su biyun ne kuma suka ci wa Boston kofin 2024. Abin lura a nan, manajan Brooklyn da ya ƙulla cinikin, Billy King, an sauke shi tun farkon 2016, Prokhorov kuma ya sayar da ƙungiyar a 2019. A ganina wannan shi ne asalin cutar: wanda ya ci bashin sau da yawa ba shi ne yake nan ranar biya ba, don haka shekarun da ke nesa suna yi masa arha.

Mutumin da ya nuna yadda ake yin abin da hankali kuwa namu ne ta wani gefe, wato Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila amma a Zariya ya tashi, a nan kuma ya fara wasan kwando. Yana shugabancin Toronto Raptors ta Kanada, ƙungiyar da ta yi shekaru tana cin wasanni da yawa amma ta kasa wuce ƙungiyar gwani LeBron James a zagayen fid da gwani, sai a 2018 ya ɗauki DeMar DeRozan, wanda mutanen garin ke ƙauna, da saurayi Jakob Poeltl, da gurbi guda wanda ya ɗaure da sharaɗi, ya ba San Antonio, ya karɓi Kawhi Leonard, mutumin da ya yi kusan shekara yana jinya kuma saura masa shekara ɗaya a kwantiraginsa. Kasada ce babba, amma ya riƙe Pascal Siakam ɗan Kamaru da OG Anunoby da Fred VanVleet, bai kuma taɓa shekarun da ke nesa ba. Suka ci kofin 2019, Leonard ya yi gaba abinsa, gidan bai faɗi ba. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma Ujiri ya ci ƙwan ne bai sayar da akurkin ba.

Inda Leonard ya nufa, wato Los Angeles Clippers, can aka yi akasin haka a wannan bazarar ta 2019. Don a same shi sai da aka samo masa Paul George daga Oklahoma City, farashin kuwa shi ne Shai Gilgeous-Alexander, wanda shekara guda kaɗai ya yi a gasar, da Danilo Gallinari, da gurabe biyar na zagaye na farko, da ikon musanya sau biyu. Ba za a ce tsofaffi suka saya ba, domin George shekararsa 29 ne, Leonard 28, kuma a lokacin masana da yawa sun yaba. Raunuka ne suka cinye su. Iyakar inda suka kai shi ne zagayen kusa da na ƙarshe a 2021, George ya tafi Philadelphia a 2024, a 2025 kuwa yaron nan da aka bayar ya zama gwarzon gasar, ya ci wa Oklahoma City kofi, tare da Jalen Williams wanda shi ma da gurbin Clippers aka zaɓo shi. Maƙwabtansu Lakers, a wannan bazarar dai, sun ba da yara uku da gurabe uku suka karɓi Anthony Davis mai shekara 26, suka ci kofin 2020.

Wanda ya dubi waɗannan labarai da idon basira ba zai ce ɓangare ɗaya ne ke da gaskiya kullum ba, gama lafiyar jikin ɗan Adam gaibu ce, kuma yara da yawa da aka ƙi rabuwa da su ba su zama kome ba, sunayensu ma an manta. Amma akwai sharuɗɗan da suka yi ta maimaituwa a wurin waɗanda suka dace: gwanin yana kan ganiyarsa, ƙungiyar ta riga ta mallaki wani gwanin da zai tarar, kuma abin da aka bayar an san iyakarsa. Yarjejeniyar 2023 tsakanin hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara tsananta wa masu kashe kuɗi fiye da kima, har ta kai ana iya daskarar musu da gurbin zaɓe, wanda hakan ya ƙara wa yaro mai arhar albashi daraja. Hukuncina dai shi ne, ƙungiyar da ta kai ƙofar kofi ta ba da yaranta ba laifi, ko ta ba da gurbin shekara ɗaya ko biyu masu zuwa, amma ta haɗa fitaccen yaronta da guraben shekara biyar ko bakwai ba tare da sharaɗi ba, wannan ganganci ne, ko da gwanin da ake nema ya kai Kareem.