Alƙalamin Fada: Tarihin Magatakarda a Ƙasar Daura

Idan aka ambaci Daura, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne rijiyar Kusugu, da Magajiya Daurama, da baƙon nan Bayajida wanda aka ce shi ya kashe macijiya, da kuma yadda aka jingina asalin Hausa Bakwai ga wannan gari. Kuma babu laifi, gama garin da Allah Ya ba irin wannan daraja ya cancanci a riƙa tuna masa da ita. Amma akwai wata sana'a da ta daɗe tana ɗauke da nauyin mulki a wannan ƙasa, wadda maroƙa ba su cika yi mata kirari ba, ita ce sana'ar magatakarda, wato malamin da ke zama gefe guda a fada da tawada da alƙalami, yana mai da nufin Sarki ya zama kalmomin da za su yi tafiyar kwanaki, su isa inda Sarki bai isa ba, su kuma yi magana a madadinsa ba tare da sun ƙara ko sun rage ba.

Wannan aiki tare da Musulunci ya shigo ƙasashenmu, kuma ya daɗe fiye da yadda mutane ke zato. Tun a wajen shekarar 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wa Sultan Barƙuƙ na Masar wasiƙa yana kai ƙarar waɗansu Larabawa da ke kama mutanensa suna sayarwa alhali Musulmi ne, kuma wasiƙar ta ƙayatar har malamin nan Alƙalƙashandi ya adana ta a cikin littafinsa Subhul A'asha, wanda ya wallafa musamman domin koyar da marubutan fada. Bayan wajen shekara ɗari kuma, da Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiharsa a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, sai ya lissafa marubuta da masu ƙididdiga a cikin ma'aikatan da mulki ba ya tsayuwa sai da su. Daura kuwa, da yake tana zaune ne tsakanin Kano da Katsina da hanyoyin Barno da Azbin, kuma malamai da fatake ba su gushe suna ratsa ta ba, ba ta kasance bare ga wannan al'ada ba. Shaida ita ce Girgam, kundin da ke ɗauke da labarin asali da jerin sarakunan Daura, wanda Baturen nan Palmer ya buga fassararsa a 1928.

Sai dai zamanin da alƙalami ya kai ga cikakken ƙarfinsa shi ne na jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello mutane ne da suka fara da hujja kafin takobi, kuma wanda ya karanta musayar wasiƙun da aka yi tsakanin Bello da Shehu Laminu na Barno, kamar yadda Bello ya kawo su a cikin Infaƙul Maisuri, zai ga yadda malamai biyu ke jayayya mai zafi a kan halaccin yaƙi, kowa yana jera dalilansa ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma yana amsa abin da aka faɗa masa, ba abin da ya so a ce an faɗa ba. A wajen 1805 Malam Isiyaku, mai tutar Shehu, ya ci Daura, Sarkin Daura na lokacin, wato Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, daga bisani zuriyarsa suka kafu a Zango da Baure. Ta haka ƙasa ɗaya ta wayi gari da fada uku: Daura tana duban Sakkwato, Zango da Baure kuwa suna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Mai karatu ya auna da kansa irin taka-tsantsan da ake bukata ga wanda zai rubuta takarda a wuri irin wannan, inda kalma ɗaya da aka ɗora wa Sarki fiye da matsayinsa, ko aka rage masa, take iya zama sanadin hawa doki.

Kayan aikin magatakarda ba su da yawa. Alƙalaminsa na gamba ne ko na kara, ya fiƙe shi da 'yar wuƙa, ya tsaga bakinsa kaɗan domin ya riƙe tawada. Tawadar kuwa akan dafa ta ne da bagaruwa da ƙaro. Takarda ita ce mai tsada, domin daga Italiya ake kawo ta, ta biyo ta Tarabulus a bayan raƙuma, kuma in ka ɗaga ta ga hasken rana za ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Tsadar nan, a ganina, ta yi wa sana'ar babban amfani, gama mutumin da ya san falle ɗaya gare shi ba ya fara rubutu sai ya gama tunani. Yakan saurari Sarki da Hausa, ya tace maganar a zuciyarsa, ya zuba ta da Larabci bisa tsarin da kowa ya sani: a buɗe da sunan Allah da salati, a faɗi daga wa take zuwa ga wa, a yi gaisuwa gwargwadon darajar wanda ake aika wa, sa'an nan a ce amma ba'adu, a faɗi dalilin takardar, a faɗi abin da ake so a yi, a rufe da haza wassalam. Da yawa daga cikin irin waɗannan wasiƙu ba su wuce layi goma ko sha biyar ba. Turawa sun tarar da tarinsu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, wani daga cikinsu kuma mai suna Backwell ya fassara waɗansu ya buga a 1927, kuma abin da ke ba mai karanta su mamaki har yau shi ne yadda batun yaƙi ko na iyaka ko na gudun bawa ke ƙarewa a cikin 'yan jumloli, ba tare da an bar wata kafa ta shubuha ba.

Dalilin wannan tsabta ba ɓoyayye ba ne. Wasiƙar fada ba a karanta ta a ɓoye. Manzo ne zai miƙa ta, wani malami ya karanta a bainar fadawa ya kuma fassara nan take, saboda haka jumlar da ta yi sarƙaƙiya za ta tona kanta tun kafin a kai ƙarshenta. Bugu da ƙari, wanda aka ba wannan aiki ya riga ya sha nahawu daga Ajuruma zuwa Alfiyya, ya karanta Risala da Muƙamatul Hariri, an kuma koya masa a fannin balaga cewa kyan magana shi ne ta dace da halin da ake ciki da kuma wanda ake yi wa ita. Don haka ya san mai roƙo daban, mai umarni daban, mai ba da uzuri daban; ya san ana gabatar da abin da aka yi ittifaƙi a kansa kafin a kawo abin da ake saɓani, kuma ya san ladabi ba ya hana a faɗi gaskiya, hasali ma shi ne ke buɗe mata ƙofa. Ba na cewa zamanin nan ba shi da aibi. Ilimin yana hannun 'yan kaɗan, talaka ba ya iya duba abin da aka rubuta a kansa, kuma marubucin da ba ya tsoron Allah yana iya cutar da bayin Allah da ɗigo ɗaya. Shi ya sa malamai suka sa amana a gaba da gwaninta a cikin sharuɗɗan wannan aiki.

Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka raba ƙasar da iyaka, aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka mai da sarautar Daura gidanta na asali, sai aikin takarda ya sake kama. A zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 har zuwa 1966, aka gina tsarin En'e da baitulmali, aka sami ma'aji da malamin haraji da malamin jangali da magatakardan hakimi, ga kuma muhuti a gaban alƙali yana rubuta shari'a. Da farko Larabci da ajami ne ke aiki, amma tun da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, boko ya riƙa cin ƙasa a ofisoshi, har ya zamana rahoton hakimi da rasidin haraji da takardar sammaci duk da Hausar boko ake yin su. A 1934 aka kafa Lardin Katsina, Daura ta koma cikinsa, sannan a 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Kongo ta Zariya. Adalci ne a faɗi abin da aka ƙaru da shi a wannan zamani: sa kwanan wata a kowace takarda, da ajiye kwafi, da lamba, da rubuta kuɗi da alƙaluma ta yadda wani zai iya binciken lissafin. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ita kuma ta koya wa malaman En'e cewa ana iya kawo hujja mai nauyi da Hausa sassauƙa, har mutum ya yi wa hukuma gyara a cikin ladabi.

A gefen wannan duka akwai malamin da bai kamata a manta da shi ba, shi ne mai rubuta wa jama'a takarda a bakin kotu ko kusa da gidan waya. Tsohuwa za ta zo ta durƙusa gabansa da kukan gonar da aka cinye wa marayunta, ta faro labari tun daga auren kakarta, ta bi ta kan wanda ya zage ta ran suna, shi kuwa yana saurare bai katse ta ba; sai ta gama ya ce, “To, Iya, gonar a ina take, wa ke nomanta yanzu, su wa suka shaida rabon gadon, kuma me kike so alƙali ya yi miki?” Daga amsar waɗannan tambayoyi huɗu yake gina takardar, ya karanta mata, ta ce haka ne, ta dangwala yatsa. Duk ilimin rubutun aiki, in aka tattara shi, bai wuce abin da wannan malami ya yi a zaune kan tabarma ba.

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aikin En'e ya koma hannun sababbin majalisu, kuma masarautar, wadda ta shiga Jihar Katsina a 1987, yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa. Turanci ya mamaye fayil, keken rubutu ya ba kwamfuta wuri, takarda ta yi arha har ba a jin ciwon ɓata ta. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa za ka ga takardar neman gyaran rijiya ko ta neman aiki ta cika shafi biyu da kalmomin aro da yabon shugaba, amma ka kai ƙarshenta ba ka san rijiyar wace unguwa ba ce, ko nawa ake nema, ko yaushe ake so a yi. Wanda ya rubuta bai karanta ta da ƙarfi ya ji da kunnensa ba, wanda aka rubuta dominsa kuma ba zai gane ta ba ko an karanta masa. Laifin ba na Turanci ba ne, domin da Hausa ma ana yin haka. Laifin na barin tarbiyyar nan ce ta tsayar da nufi kafin a ɗauki alƙalami.

Tarihin sarautun Daura ya sami mai rubuta shi, gama M. G. Smith ya fitar da babban littafinsa The Affairs of Daura a 1978, amma takardun da malamanmu suka rubuta da hannunsu suna warwatse, waɗansu a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, waɗansu kuwa a cikin gafaka da adaka a gidajen alƙalai da hakimai, gara da ɗanshi suna cinsu. Ina kira ga majalisar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, da malaman Kwalejin Yusufu Bala Usman da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da su haɗa hannu su tattara waɗannan takardu, a ɗauki hotonsu, a mai da su ga masu su, sa'an nan a zaɓi waɗanda suka fi kyau a sa su gaban ɗaliban da ake shirya wa aikin ofis, su karanta su kafin a ba su fayil na farko.