Tarihin sake ɗora manhaja bayan an sauya kayan cikin kwamfuta

A yau shirin zai waiwayi tarihin wata matsala ce da duk wanda ya daɗe yana hulɗa da na'ura mai ƙwaƙwalwa ya san ta. Ka tara 'yan kuɗinka, ka sayo sabon babban allon nan na cikin na'ura da masu gyara ke kira madabod, don kwamfutarka ta ƙara sauri. An ɗaura, an kunna, sai ta ƙi tashi. Mai gyara ya dube ka ya ce, "Maigida, sai fa an yi fomat, an sake ɗora Windows." Alhali faifan ajiyarka lafiyarsa ƙalau, kuma a kansa duk takardunka da hotunan iyalinka suke. To ina dalili? Sai ku gyara zama.

Bari mu faro daga tsakiyar shekarun 1970 a jihar Kalifoniya ta Amurka. A lokacin kowane kamfani yana ƙera ƙaramar kwamfutarsa ne yadda ya ga dama, saboda haka babbar manhajar da aka rubuta wa wannan ba ta aiki a kan waccan. Wani masani mai suna Gary Kildall, wanda ya rubuta manhajar CP/M, shi ne ya samo dabara. Ya ware ɗan ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura, ya sa masa suna BIOS a shekarar 1975. In an zo da wata na'ura dabam, wannan ɗan ɓangare kawai za a sake rubutawa, sauran manhajar ba ruwanta. Da kamfanin IBM ya fito da tasa kwamfutar a watan Agustan 1981, sai ya dasa BIOS a jikin allon kansa. Manhajar DOS ta kamfanin Microsoft kuwa, in tana son karanta faifai, BIOS take aika. Shi ya sa a wancan zamani, galibi kana iya cire faifai daga wannan na'ura ka sa a waccan, ta tashi ba gardama. Wahalar tana wani wurin ne: in ka sayo katin sauti, da hannunka za ka zauna kana sauya wa wasu 'yan ƙananan fulogai wuri a jikinsa, don kada ya yi karo da firinta.

Wannan wahala ce Windows 95 ta yi alkawarin kawarwa, lokacin da ta fito ran 24 ga watan Agustan 1995. Ta zo da wani tsari mai suna Plug and Play, wato jona ka ci gaba da aikinka, na'ura za ta gane sabon kaya da kanta. Ba a jima ba masu barkwanci suka mai da sunan Plug and Pray, wato jona ka yi ta addu'a. Wanda addu'arsa ba ta karɓu ba kuwa, sai ya ɗauko faya-fayan fulofi guda 13, ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya, yana fatan kada na goma sha biyu ya zama ya lalace.

Abin bai bar mai kamfanin kansa ba. A watan Afrilun 1998, a wurin baje kolin COMDEX a birnin Chicago, Bill Gates na tsaye a gaban jama'a, wani ma'aikacinsa Chris Capossela ya jona na'urar sikana don ya nuna yadda Windows 98 ke gane sabon kaya. Nan take fuskar kwamfutar ta rikiɗe ta koma shuɗiya, na'ura ta sandare. Jama'a suka kwashe da dariya da tafi, shi kuma Gates ya ce lalle wannan ne dalilin da ya sa ba su fara sayar da ita ba tukuna.

To amma matsalar ta fi tsanani ne a zamanin Windows XP, wadda ta shiga kasuwa ran 25 ga watan Oktoban 2001. XP ta gaji gininta ne daga Windows NT ta shekarar 1993, kuma 'yan wannan gida ba sa dogara da BIOS da zarar sun fara tashi. Suna da nasu 'yan ƙananan manhajoji da ake kira direba, kowanne tamkar tafinta ne tsakanin babbar manhaja da wani sashe na na'ura. Ranar da ake ɗora XP, sai ta duba kayan da ta tarar, ta zaɓi tafintocin da suka dace da su, ta rubuta sunayensu a kundinta. Daga ranar kuma su kaɗai take kira in an kunna.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Sashen da ke kula da shiga da fitar bayanai daga faifan ajiya, a jikin madabod yake. In ka sauya allon, ka sauya shi. XP za ta farka da tsohon tafinta, ta tarar da baƙon da ba ya jin yarensa. Direban da zai fisshe ta wataƙila ma yana nan kwance a kan faifan, amma yaya za ta karanta faifan ta ɗauko shi, alhali karanta faifan ne ya gagara? Ɗan mabuɗin ɗaki ne aka kulle a cikin ɗakin. Sai ta tsaya cik, ta nuna shuɗin allo mai lambar da ta ƙare da 7B, lambar da masu gyara na wancan lokaci suka haddace kamar sunan 'ya'yansu. Akwai hanyar ɗora manhajar a kan tsohuwar ba tare da an goge komai ba, sai dai tana cin lokaci kuma ba kullum take yi ba. Fomat ya fi sauƙi, ga mai gyara dai. Allah kaɗai ya san yawan kundayen ɗalibai da lissafin 'yan kasuwa da suka salwanta ta wannan hanya. Wani abin dariya kuma, da sababbin faya-fayan SATA suka zo, mai ɗora XP sai ya danna F6 ya ba ta direba ta faifan fulofi, a lokacin da kamfanoni suka fara daina sa wa kwamfuta gurbin fulofin.

Wannan ke nan ta fuskar injiniyoyi. Ta fuskar kasuwanci kuwa, XP ta zo da wani abin da masu saye ba su saba da shi ba a Windows. Domin yaƙi da satar fasaha, Microsoft ya wajabta wa mai saye ya tabbatar da lasisinsa cikin kwanaki 30. Manhajar takan duba sassa goma na na'urar, ciki har da katin hoto, da katin sadarwa, da faifan ajiya, da yawan RAM, da irin furosesa, ta haɗa wata lamba da ta zama kamar zanen yatsan kwamfutar. Duk lokacin da aka kunna, sai a yi wata 'yar ƙuri'a: kowane sashe da bai canja ba yana da ƙuri'a ɗaya, katin sadarwa yana da uku, ana kuma bukatar bakwai. In ba su cika ba, a wurin Windows wannan wata kwamfuta ce dabam. Wanda ba shi da intanet sai ya buga waya, ya karanto lambobi 50, a karanto masa 42 ya shigar. Kamar dai ka sa wa motarka sabon inji ne, a tsayar da kai a hanya a ce takardunka ba na wannan mota ba ne.

A ganina dai, a nan an bar jaki ana dukan taiki. Lasisin da ake sayar wa manyan kamfanoni a dunƙule bai bukaci wannan tabbatarwa ba, kuma tun kafin XP ta shiga kasuwa ɗaya daga irin waɗannan mabuɗai ya ɓulla a intanet. Mai kwafin sata yana sauya kayansa hankali kwance, wanda ya biya kuɗinsa kuwa yana riƙe da kan waya yana ƙirga lambobi. A watan Oktoban 2006 kamfanin ya so ya ƙara ɗaure igiyar, ya ce lasisin Windows Vista sau ɗaya kawai za a iya mai da shi kan wata na'ura. Masu harhaɗa kwamfuta da kansu suka yi caa a kansa, a watan Nuwamba ya janye.

Duk wannan kuwa ba dole ba ne a fasahance. Tun a shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix, wani nau'in manhajar Linux da ke tashi daga faifan CD, ta binciki kayan na'ura a kowane kunnawa, ta ɗauko direbobin da suka dace. Microsoft ma ya bi sawu sannu a hankali. Daga Windows 8 ta shekarar 2012 zuwa gaba, in ka sa tsohon faifai a sabon allo, yawanci manhajar takan ɗan jinkirta, ta shirya kanta, ta tashi. A shekarar 2016 kuma aka ba masu Windows 10 damar ɗaura lasisinsu a asusunsu na Microsoft, don su karɓo shi bayan sun sauya kaya. Sai dai lasisin da ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta, a ƙa'idar kamfanin, na wannan allon ne, ban da in lalacewa ya yi aka musanya shi.

Daga baya ma sai reshe ya juye da mujiya. Da, sauya ƙarfe ne ke tilasta a sake manhaja. Windows 11 da ta fito a watan Oktoban 2021 kuwa, ita ce ta ce ba za ta hau na'urar da ba ta da sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan ba. Ran 14 ga watan Oktoban 2025 kuma Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, lamarin da ya bar ɗimbin kwamfutoci masu aiki garau a tsaka mai wuya, musamman na hannu da ake saye da rahusa.

Wannan sashe na TPM ya zo da nasa sabon tarkon. Kwamfutoci da yawa a yanzu suna kulle bayanan faifai da tsarin BitLocker, wasu ma mai su bai san an kulle ba, kuma mabuɗin yana ajiye ne a jikin allon. In aka sauya allo, na'urar za ta nemi wata lamba mai alƙaluma 48. A zamanin XP, ko Windows ta ƙi tashi, mai gyara na iya jona faifanka a wata kwamfuta ya kwashe maka kayanka kafin ya goge. Faifan da aka kulle kuwa, in babu lambar nan, ba mai gyaran da zai iya buɗe shi. Galibi tana nan a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar, saboda haka kafin ka bari a kwance ko da kusa ɗaya, ka nemo ta ka rubuta a takarda, ka kuma kwafe muhimman kayanka a wani faifan dabam.

To masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.