Katin Tarot Mai Lamba 12: Yadda Hoton Maci Amana Ya Zama Alamar Sadaukarwa

A cikin katuna 78 na tarot, waɗanda masu duba a Turai da Amurka ke aiki da su, da wuya a samu wanda ma'anarsa ta juye kamar kati na 12, wato Mutumin da Aka Rataye. Hoton wani mutum ne da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya a jikin itace, kansa a ƙasa, hannayensa a baya. Masu duba na yau kan ce alama ce ta haƙuri da dakatawa da sadaukarwa. Waɗanda suka fara zana shi kuwa wani abu dabam suka nufa.

Asalin tarot wasan karta ne. Karta ta shiga Turai daga Masar ta zamanin daular Mamluk a ƙarshen ƙarni na 14, sannan wajen shekarar 1440 aka ƙara mata katuna masu hotuna a fadojin arewacin Italiya, irin su Milan da Ferrara. Daga baya adadin waɗannan katuna ya tsaya a 22.

Duk ɗan Italiya na wancan zamani da ya ga hoton zai gane shi nan take. Al'ada ce a biranensu, idan maci amanar gari ko ɗan kasuwar da ya cinye dukiyar mutane ya tsere, sai hukuma ta sa a zana shi a bangon gini, rataye ta ƙafa, don a tozarta shi tunda hannu bai kai gare shi ba. A 1440 an ɗauki mai zane Andrea del Castagno ya yi wa wasu 'yan tawayen Florence irin wannan hoto. Shi ya sa a wasu wurare ake kiran katin da Maci Amana, kuma akwai tsohon zane da ya nuna mutumin riƙe da jakunkunan kuɗi. Al'adar ba ta mutu da wuri ba: haka aka rataye gawar Mussolini a Milan a 1945.

Sauyin ya faro ne daga Faransa. A 1781 Antoine Court de Gébelin ya yi iƙirarin cewa tarot ragowar littafin hikima ne na malaman tsohuwar Masar. Bai kawo hujja ba, kuma ba shi da hanyar kawowa, domin sai a 1822 aka gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunawa. Da ya zo kan kati na 12 ya kasa fassara shi, sai ya ce masu buga katin ne suka kifar da hoton bisa kuskure, wai mutumin a tsaye yake da ƙafa ɗaya, alamar tsantseni.

Duk da raunin maganar, ta samu karɓuwa a wurin masu neman ilimin asirai. A tsakiyar ƙarni na 19 Éliphas Lévi ya haɗa katunan 22 da haruffa 22 na Ibrananci, ya ba wannan kati harafin Lamed. Ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888, ta saɓa masa, ta ba shi harafin Mem tare da danganta shi da ruwa. Saɓanin kaɗai ya isa nuna cewa ma'anar ɗora ta aka yi, ba gadonta aka yi ba.

Hoton da aka fi sani a yau na 1909 ne, wanda Pamela Colman Smith ta zana bisa jagorancin Arthur Edward Waite, dukansu tsofaffin 'yan waccan ƙungiya. Itacen ya zama ɗanye mai tsiron ganye, fuskar mutumin ta natsu, aka kewaye kansa da haske irin wanda masu zanen coci ke yi wa waliyyai. Daga wannan zane ne yawancin littattafan duba na zamani suka ɗauko fassarar cewa da yardarsa ya rataya.