Taurarin ɗan Adam masu duba ƙasa: yadda suke aiki da amfaninsu ga Nijar

Tauraron ɗan Adam mai duba ƙasa na'ura ce da ake harbawa sararin samaniya, ta riƙa ɗaukar hoton doron ƙasa tana aiko shi ga tashoshin da ke karɓa. Da waɗannan hotuna ake auna ruwan sama, da yawan ciyawa a daji, da halin da gonaki ke ciki tun kafin a kai ga girbi.

Iri biyu ne

Akwai masu kewaya duniya a kusa, kilomita 700 zuwa 800 daga ƙasa. Cikinsu akwai Landsat na Amurka, wanda aka harba na farkonsa a 1972. Kowane ɗayansu yana komowa kan wuri guda bayan kwana 16. Akwai kuma Sentinel-2 na Tarayyar Turai, da ya fara aiki a 2015, wanda ke iya bambanta fili mai faɗin mita 10. Hotunan su biyun kyauta ne.

Iri na biyu suna can nesa, wajen kilomita 36,000, suna juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum wuri ɗaya suke kallo. Meteosat na Turai na cikinsu, yana aiko hoton gajimaren Afirka kowane minti 15.

Yadda suke gane ruwa da ciyawa

Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, ya maido wani haske da idon mutum ba ya gani. Na'urar tana auna bambancin biyun: in ya yi yawa, wurin ya yi kore, in ya ragu, shuka na shan wahala. Shi kuwa hadari, duk wanda ya fi tashi sama ya fi sanyi, kuma shi ya fi zubar da ruwa. Da sanyin saman gajimare ake ƙiyasta ruwan da ya sauka a ƙauyukan da ba su da ma'aunin ruwa.

Aikinsu a Nijar

Bayan babban farin shekarun 1970, ƙungiyar CILSS ta kafa cibiyar Agrhymet a Yamai a 1974. Cibiyar tana bin damana da hotunan taurari, tana fitar da rahotanni kan inda shuka ta makara da inda ake fargabar ƙarancin cimaka ko na abincin bisashe. Cibiyar ACMAD mai hasashen yanayi don nahiyar Afirka ita ma a Yamai take. Masu yaƙi da farin dango kuma suna duba inda ciyawa ta tsiro a Ayar da Tamesna, don a nan farin ke hayayyafa.

Abin da aka gano a Maraɗi da Damagaram

An daɗe ana ɗauka hamada ce kaɗai ke ci gaba a kudancin Nijar. Da masu bincike suka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da na taurari na wajen 2005, sai suka tarar itatuwa sun ƙaru ƙwarai a gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Ba dasa su aka yi ba: manoma ne suka riƙa barin tohon kututture suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani.

Iyakarsu

Gajimare yana rufe wa masu ɗaukar hoto ido a tsakiyar damana, lokacin da aka fi bukatarsu. Haka kuma hoto yana nuna kore, amma da wuya ya bambanta hatsi da ciyawar da dabba ba ta ci. Saboda haka dole malaman gona da na kiwo su shiga karkara su auna da hannu, a gwama da abin da tauraro ya gani, kafin a yanke shawarar inda za a kai agaji.